Ku Bar Yaro Ya Kwaɓa Ƙasa

Assalamu alaikum. Shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai, iyayenmu da ke can baya, barkanku da zuwa.

Yaron nan da ke ajinku yana rera "biyu sau biyu huɗu", in an tashi ku bi shi gida. Za ku tarar ya fere kara ya haɗa mota, tayoyinta daga tsohon silifa ya yanko su. Babu wanda ya zana masa a allo. Amma da ya shigo aji sai mu ce ya naɗe hannu. Wallahi wannan abu yana ci mini rai.

Koyarwa ta hanyar aikin hannu ba yau aka fara ta ba. Tun 1918 William Kilpatrick, almajirin John Dewey, ya yi rubutu a kanta a Amurka. Mu Zazzagawa kuwa ba sai mun je nesa ba. Masallacin Juma'a na cikin birni, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara, ba siminti ba rodi.

To, ku ɗauki 'yan aji huɗu, ku raba su biyar-biyar, ku ce kowane rukuni ya gina 'yar ƙaramar Ƙofar Doka. Kada ku faɗa musu yadda ake kwaɓi. Wasu za su kwaɓa jar ƙasa zalla, wasu su zuba yashi, wata yarinya ta tuna ta ga magini yana sa ciyawa. A shanya tubalin. In ya bushe, na wasu ya tsattsage, na wasu lafiya lau. Me ya sa? Ku bar su su yi ta gardama, kimiyyar ke nan. Tubali nawa bango mai kamu biyu zai ci? Lissafi ya shigo ba sallama. Sannan a tura su wurin kakanni su tambayo labarin wasu ƙofofin birnin Zariya, irin su Kuyambana, Gayan da Tukur-Tukur, su rubuto da Hausa.

Na ji Malama tana cewa aji ya cika maƙil, ba kayan aiki. Gaskiyarki, Malama. Sai dai ƙasa ba a sayenta, inuwar darbejiya ma ta isa wurin aiki. Mai wuyar yana wurinmu: ka ga bakan gizon saman ƙofar da suka ɗaura zai rushe, ka daure ka kame hannunka.

Ranar ba da maki kuma, don Allah kada ku duba wanda ya fi kyan gani. Ku tambayi kowane yaro abin da ya sauya bayan ginin farko ya zube, da dalilinsa.