Tef ɗin tela da tumbin yaro

Awal: Assalamu alaikum jama'ar Kumasi, daga Asawase har Aboabo. Yau Hajiya Rabi ta shigo mana da tef ɗin tela rataye a wuya. Hajiya, kin bar aikin jinya ne?

Rabi: Ina! Aron sa na yi a wajen Fati. Magana ce kan yara masu ƙiba da sinadarin yurik asid.

Fati: Wanda ke kumbura wa dattawa babban ɗan yatsan ƙafa? Me ya haɗa shi da yara?

Rabi: Shi ne. Dattin da jiki ke fitarwa ne in ya sarrafa abinci irin su hanta, kayan ciki da kifin gwangwani. Ƙoda ke zubar da kusan kashi biyu cikin uku nasa ta fitsari. To in kitse ya taru a ciki, sai jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yadda ya kamata, ƙoda kuma ta riƙa riƙe sinadarin. Da wuya yaro ya yi ciwon gaɓɓai, amma yawansa a jini kan zo tare da hawan jini da kitsen hanta.

Awal: Ba zafi kenan, ba kuka.

Rabi: Shiru kake ji, Malam. Gwajin jini kaɗai ke tabbatarwa. Amma wa zai kwashi yaran Zango kakaf ya kai su asibitin Komfo Anokye a ɗebi jini? Dole a san wa za a fara turawa.

Awal: Ai sai a ɗora su a sikeli.

Rabi: Sikeli nauyi yake faɗa, bai san inda kitsen ya kwanta ba. Ko lissafin BMI, wato gwada nauyi da tsawo, a yaro sai an duba jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 na 'yan shekara 5 zuwa 19, na maza daban, na mata daban. Uwa ba ta da wannan a ɗaki. Zare kuwa tana da shi. Ki auna tsawon yaron da zare, ki yanke, ki ninka biyu, ki zagaya masa a ciki. In bakin zaren bai haɗu ba, kewayen cikinsa ya haura rabin tsawonsa.

Fati: Tsaya, Yaya. Littafin awon Sallah ya faɗo min a rai. Akwai yaron da nake wa ɗinki, tsawonsa inci 56, ƙugunsa 31. Rabin tsawon ai 28 ne. Ni dai ƙara yadi na yi, na ce wa uwarsa ma sha Allah, yana jin daɗi.

Rabi: A ina kika ɗora tef ɗin?

Fati: Inda wando ke zama mana.

Rabi: Namu ya fi nan sama. Tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a kan fata, yaro na tsaye, bayan ya saki numfashi. Kuma ki lura, suna da wayo, da sun ga tef sai su haɗiye ciki. Ki sa shi hira ya manta. Ki leƙa bayan wuyansa ma. In ya yi baƙi da kauri kamar dauɗa, soso bai fitar da shi ba, a daina dirje yaro, alamar matsalar insulin ce.

Awal: Duk wanda zaren bai haɗu ba yurik asid ya yi masa yawa kenan?

Rabi: A'a, ya cancanci a gwada shi ne kawai. Musamman samari, don nasu na hawa da balaga fiye da na 'yan mata.

Awal: To mu da muke zargin cincinga, wato tsire?

Rabi: Ni lemon kwalba na fi zargi. Sukarin da ke ciki, furuktos, hanta na sarrafa shi yurik asid na ƙaruwa. A 2023 gwamnati ta sa wa abin sha mai zaƙi harajin kashi 20 cikin 100, amma sobolo da burkina da ake ɗurawa a gida, mai sayarwa ce ke zuba sukarinta son ranta.

Fati: Ranar Asabar uwar yaron za ta zo karɓar kaya. Ta ina zan fara, kada ta ce na yi wa ɗanta baki?

Rabi: Miƙa mata zaren, ta auna da hannunta.