Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli a Wurin Buɗe Tafkunan Tace Ruwan Ƙazanta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, shugaban ƙaramar hukuma, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, a madadin kwamitin ci gaban gari nake yi muku lale marhabin.

Ranka ya daɗe, inda kake zaune ɗin nan, bara war haka sai da toshe hanci ake wucewa. Kududdufi ne guda ɗaya tal, nan ruwan kwatami da na masai yake taruwa, laka ta cike shi, da damina kuma ya tumbatsa cikin lambuna. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da aka ƙirga masu kwalara fiye da 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Mu ma mun kai gawa.

Yau kududdufin nan ya zama tafkuna uku a jere. Na farko mai zurfi ne, wajen mita 3, inda dauɗa ke kwantawa, ƙwayoyin halitta marasa buƙatar iska su cinye ta. Na biyu ya fi faɗi, zurfinsa bai kai mita 2 ba. Launin kore da za ka gani a kansa gansakuka ce, kuma ita ce ma'aikaciyarmu: rana ta doke ta, ta saki iskar da ƙwayoyin bakteriya ke shaƙa suna narkar da sauran ƙazantar. A na uku zafin rana ke kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsar ciki ya nitse. Ba janareta, ba kuɗin wuta. Ranar nan da muke kuka da ita a watan Afirilu ita ke yi mana aiki kyauta. Haka Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ke tace ruwanta a unguwar Kosodo, masu lambu na ban ruwa da shi.

Sai dai abu mai rai yana son kulawa, kuma nan kukanmu yake. Tafkin farko sai an riƙa yashe shi bayan 'yan shekaru, in ba haka ba jiya ta dawo. Kachala da ciyawar baki sai an sare, don nan sauro ke ɓuya. Muna roƙon a ɗauki mutum biyu cikin 'ya'yanmu a kan albashi, a sa kuɗin yasa cikin kasafin kuɗi, a zagaye wurin da waya saboda yara da dabbobi. A riƙa gwada ruwan kuma. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 ta ce kada ƙwan tsutsa ya wuce 1 a kowace lita ta ruwan ban lambu, mu kuwa latas da tumatir muke nomawa, ana cin su ɗanye.

Ranka ya daɗe, in ka amince, mu taka bakin tafki na uku ka ga ruwan da idonka. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya.