Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu Daga Kano, a Zangon Kumasi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma babban baƙonmu, Allah ya gafarta Malam, sarakunan Zango, limamai, iyayenmu mata, jama'a, assalamu alaikum.

Malam, sannu da zuwa, sannu da hanya. An ce zumunta a ƙafa take, ga shi kuwa ka tako. Hanyar da ka biyo a jirgi cikin sa'o'i ita kakanninmu suka yi watanni suna bi da jakuna, fataucin goro ya kai su Salaga, daga baya ya sauke su Kumasi. Saboda haka gida ka zo.

Mun san abin da ya kawo ka, maganar yunwa da zakka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum wajen miliyan 733 suka yi fama da yunwa a 2023, a Afirka kuwa mutum ɗaya cikin biyar. Sudan tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ba ta huta ba. Mu nan Ghana ba yaƙi, alhamdulillahi, amma a ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, sannan a 2024 ruwa ya ɗauke a arewa tsakiyar damina, har gwamnati ta hana fitar da hatsi waje.

Idan ka zagaya kasuwar Kejetia da sassafe za ka ga 'yan matan kayaye, wato masu dakon kaya, da kwanonsu a ka, wata da goyo, koko ba ƙosai shi ne abincinta har la'asar. Waɗannan ido yana ganinsu. Wadda ta fi damunmu ita ce gwauruwar da ke unguwar Aboabo ko Asawase, wadda za ta ɗora tukunyar ruwa zalla a kan wuta don kada maƙwabta su gane ba a girki a gidan. Ba za ta taɓa zuwa layin rabo ba, kunya ba za ta bar ta ba.

Mutanen Zango ba marowata ba ne, Malam. Da azumi shinkafa da sukari har sai sun yi yawa, wani gidan ya samu sau uku, wani ko sau ɗaya. Ana saukowa daga Idi kuma sai shiru, sai ka ce cikin talaka wata ɗaya yake aiki a shekara. Laifinmu ne mu shugabanni, kowa da nasa rabon, ba rajista, ba rumbu.

Abin da muke roƙo ke nan ka koya mana: yadda ake tara zakkar 'yan kasuwa, kashi biyu da rabi cikin ɗari, a hannu ɗaya amintacce, da yadda ake kafa wakafi, a ba mace jari maimakon olonka, wato gwangwanin awo, ɗaya ta masara.

Bayan sallar la'asar za mu kai ka ka ga ɗakin da muka ware don ajiyar hatsi. Yanzu dai iyayenmu mata sun ce wake da shinkafarsu na hucewa. Allah ya saka da alheri, ya mai da kai gida lafiya.