Hirar Zango: Neman atachimen a harkar waƙa

BASHIRU: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana. In kun ji hon a bayanmu ku yi haƙuri, motocin trotro ne ke ta kokawar fasinja. Yau Rabi ce ta zo da kuka.

RABI: Kuka kam, Yaya Bashiru. Ina karatun kiɗa a jami'ar Winneba, an ce kowa ya nemi inda zai yi atachimen, wato koyon aiki a aikace, a dogon hutu. Sashenmu ya ba ni takarda mai hatimi, na buga kwafi goma na raba. Har yau ko fulashin babu wanda ya yi min.

ZAINAB: Ina da ina kika kai?

RABI: Situdiyo-situdiyo, Anti.

ZAINAB: To ai a nan gizo ke saƙar. Yawancin situdiyon garin nan ɗaki ɗaya ne, furodusa da kwamfutarsa da yaronsa. Wa zai buɗe ambulan? Takarda sai wurin da ke da ofis da sakatare, kamar gidan rediyon GBC a Kanda, ko Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da aka buɗe a 1992, ko ƙungiyar mawaƙa MUSIGA. Can ne za a karɓa a sa a fayil. Shi ma sai kin koma da ƙafarki kin bi sawu.

BASHIRU: Situdiyo kuwa fuska yake sani. Ni da na fara, kullum bayan la'asar ina zaune a ƙofar wani furodusa, ban ce masa komai ba sai gaisuwa. Ran nan suka dawo daga wasa, wayoyin makirufo sun cukurkuɗe kamar taliya, yaronsa ya gudu. Ya dube ni ya ce, ka iya naɗe waya? Na ce sosai. Na kama na fara naɗewa a gwiwar hannu kamar igiyar shanya.

RABI: Ba haka ake yi ba?

BASHIRU: Saura kaɗan ya kore ni! Haka ke karya zaren cikinta. Ana yin zobe ɗaya gaba, na biyu a juya hannu a yi shi baya, har ƙarshe. In ka jefa ta sai ta miƙe sak, ba ƙulli. Ya nuna min sau biyu. Na naɗe ashirin da wani abu a daren, washegari ya ce shigo ciki. Daga nan na koyi cewa lasifika ita ake kunnawa ƙarshe, ita kuma ake fara kashewa, don kada ƙarar nan ta "ɗum" ta fasa ta. Na koyi cewa makirufon ɗaukar murya irin na situdiyo sai an ba shi wuta bolt 48 daga mikisa, wato na'urar haɗa sauti, in ba haka ba ka yi ta ihu ba abin da zai shiga.

RABI: Wannan na wutar mun yi shi a aji.

BASHIRU: Madalla, to faɗa wa furodusa haka. Kada ki shiga kina cewa na iya waƙa. Masu waƙa sun fi ɗari a wayarsa. Ki ce na iya manhajar haɗa kiɗa irin Cubase ko FL Studio, zan iya gyara muryoyi, zan jera maka fayiloli, zan zo ƙarfe tara.

ZAINAB: Amma Bashiru, faɗi ɗaya gefen. Ni na yi sati shida a wani situdiyo, ba zan kama suna ba, aikina sayen waakye, wato shinkafa da wake, da ruwan leda. Har na san wanda ke son taliya da ƙwai, da wanda ba ya son yajin shito. Kujerar mikisa ko taɓa ta ban yi ba. Ranar da zan tafi na kawo littafin makaranta a sa min hannu, aka ce maigidan ya tafi Kumasi. Sai da na yi jelen sati uku.

RABI: Innalillahi. To ya zan kauce wa wannan?

ZAINAB: Tun ranar farko ki tambaya cikin ladabi, wa zai riƙa duba aikina, wa zai sa hannu? Kuma a sa duk ƙarshen mako, kada ki tara. Maganar kuɗi ma ki yi ta da wuri. Yawanci ba albashi, amma kuɗin mota ba roƙo ba ne.

RABI: Mama kuma fa? Da ta ji situdiyo sai ta ce dare, hayaƙi, 'yan iska.

ZAINAB: Ba ta yi ƙarya duka ba, wasu wuraren sai bayan isha'i suke farkawa. Ki ce musu ke da rana za ki zo, wanda ya ƙi ki bar shi. Kuma akwai aikin waƙa da ba a ɗakin ɗauka yake ba, wanda ɗalibai ke rainawa. Ga GHAMRO, masu karɓar kuɗin haƙƙin mallaka daga gidajen rediyo da otal-otal su raba wa mawaƙa, a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2005. Yaran Zango nawa ne suka yi waƙa su uku ko huɗu, ba takardar da ta ce wane na da kashi kaza? Waƙar na tashi, abota ta mutu. Wanda ya iya rubuta takardar rabon nan, ya iya ɗora waƙa a Audiomack da Boomplay da sunayen kowa daidai, manajoji nemansa suke yi.

BASHIRU: Sai lokaci. Tun shekarar 2019 da aka yi gangamin kiran baƙaƙen fata na ƙetare su dawo gida, watan Disamba a Accra ya zama kaka. Wasa kan wasa, masu hayar lasifika ba sa samun barci, hannu suke nema ido rufe. Amma wanda ya je a Disamba ya makara, tun Oktoba ake nuna fuska. Mu nan kuma muna da Sallah. Mawaƙan ƙungiyar VIP ai daga lungunan nan suka fito suna rap da Hausa, kuma duk wanda ya ga wasan Sallar Nima ya san yawan hannun da ke bayan dandamali.

RABI: Wanda ke Kumasi fa? Ƙawata a Aboabo take.

BASHIRU: Ta fara da Cibiyar Al'adu, can akwai ofis, takarda na aiki. Kuma tun da kiɗan Asakaa, salon rap na matasan Kumasi, ya fashe a 2020, ƙananan situdiyo sun yi yawa a garin.

RABI: To Yaya, kai ba ka neman yarinya a wurinka?

BASHIRU: Au, dama nan kika dosa! Asabar muna da biki a unguwar Madina ta nan Accra. Ki zo ƙarfe bakwai na safe da takalmi rufaffe.

ZAINAB: Da littafinki, Rabi. Ya sa hannu a gabana.