Zinaren Mosko: yadda matan Zimbabuwe suka ci gasar hoki a 1980

Malama Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Tare da ni akwai Malam Kabiru da ƙanwata Bilkisu, kuma a yau za mu tattauna kan tawagar mata ta ƙwallon gora, wato hoki, ta ƙasar Zimbabuwe, wadda ta ci lambar zinare a gasar Olamfik ta birnin Mosko a 1980. Malam Kabiru, ta yaya ƙasar da ta samu 'yancin kai a ranar 18 ga Afrilu ta tsinci kanta a wannan fage cikin watan Yulin shekarar?

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam, Malama. Siyasar duniya ce ta buɗe musu ƙofa. A wannan shekarar aka fara saka hokin mata a Olamfik, an kuma tsara ƙasashe shida za su fafata. To amma bayan da Tarayyar Sobiyet ta tura sojojinta Afganistan a watan Disamban 1979, Amurka ta jagoranci ƙaurace wa gasar, sai biyar daga cikin shidan suka janye, ya rage mai masaukin baƙi ita kaɗai. Dole masu shirya gasar suka aika wa wasu ƙasashe goron gayyata cikin gaggawa, kuma Zimbabuwe ta samu nata saura kimanin makonni biyar a fara wasa.

Bilkisu: Yaya Hadiza, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne halin da suka isa filin. A gida a kan ciyawa suke wasa, ba su taɓa taka shimfiɗar roba ba, alhali tun gasar Montiriyal ta 1976 Olamfik ta koma kanta. A kan ciyawa ƙwallo tana tsalle tana cin karo da tudu da kwari, shi ya sa 'yar wasa takan tare ta da gorarta, ta daidaita, sannan ta buga. A kan roba kuwa ƙwallon tana sulalewa ne da gudu, wadda ta yi jinkirin ɗaga kai sai ta ga an wuce ta. Hatta takalman da suka zo da su ba su dace da filin ba, sai da suka nemi wasu bayan sun sauka.

Malama Hadiza: Duk da haka ba a ci su ko sau ɗaya ba.

Bilkisu: Ko sau ɗaya. Sun lallasa Folan da ci 4 da nema, suka yi canjaras 2 da 2 da Cekoslobakiya, suka doke Tarayyar Sobiyet da ci 2 da nema a gaban 'yan kallonta, suka tashi kunnen doki 1 da 1 da Indiya. A ranar 31 ga Yuli suka kammala da Ostiriya da ci 4 da 1. Ann Grant ce kyaftin, Anthea Stewart tana horar da su tana kuma shiga fili, ita kuwa Pat McKillop ta zura ƙwallaye shida a gasar.

Malam Kabiru: Ku gafarce ni, sai na kawo abin da masu suka suke faɗa, domin ba maganar banza ba ce. Suna cewa da Holan da Jamus ta Yamma sun halarta, da wuya Zimbabuwe ta kai ko ga tagulla, kuma Holan ɗin ce ta ɗauki zinare a Los Anjelas a 1984.

Malama Hadiza: Gaskiya ne, Malam, amma ni ban yarda hakan ya rage darajar lambar ba. Tawagar Sobiyet ta daɗe tana shiri a filinta da kayanta, su kuma waɗannan matan an haɗa su ne cikin 'yan kwanaki, ƙasarsu ma rabonta da Olamfik tun 1964 lokacin tana Rodeshiya. Wanda ya zo fage da shi ake kokawa. Abin da ya fi damuna daban ne: 'yan wasa 16 aka tafi da su, kuma dukkansu fararen fata ne, a ƙasar da baƙaƙe suka fi rinjaye nesa ba kusa ba. Me ya jawo haka?

Malam Kabiru: Nan ne kan maganar. Waɗannan mata ba daga sama suka faɗo ba. Sun koyi riƙe gora tun suna yara a makarantun da mulkin tsiraru ya tanadar wa 'ya'yan Turawa, inda akwai filaye da malaman wasanni da gasar makarantu, bayan sun gama kuma akwai ƙungiyoyi a Bulawayo da Salisbari, wadda ta koma Harare a 1982. Shi ya sa aka iya zaɓen tawaga cikin ɗan lokaci, domin an riga an yi shekaru ana shuka. Yarinyar da ta tashi a unguwannin baƙaƙe ko a karkara ba ta samu wannan dama ba, ba don ta gaza ba, sai don ba a taɓa ɗora mata gora a hannu ba.

Bilkisu: Kuma jama'a sun yi murna da su ba tare da duba launi ba, domin ita ce lambar Olamfik ta farko da sabuwar ƙasar ta samu. An ma yi wa kowace alkawarin sa guda, amma da aka tashi cikawa, ƙunshin nama aka miƙa musu.

Malama Hadiza: Wannan ya taɓa ni ƙwarai, Bilkisu, domin abin da wasan yake buƙata a lokacin ya wuce kyautar rana ɗaya. Da an kai gora da masu horarwa makarantun 'yan mata na talakawa, da an gina kan abin da aka samu. Ga shi tun daga 1980 matan Zimbabuwe ba su sake buga hoki a Olamfik ba, ƙasar ma ba ta ƙara cin wata lamba ba sai a 2004, lokacin da Kirsty Coventry ta yi nasara a ninkaya a birnin Atina, wadda ita ce aka zaɓa shugabar kwamitin Olamfik na duniya a 2025.

Malam Kabiru: Sai dai mu yi adalci, Malama, sauyin fili ya ƙara wa ƙasashe marasa hali nauyi. Shimfiɗar roba tana da tsada, wadda ake manyan gasanni a kanta ma sai an jiƙa ta da ruwa kafin wasa. Afirka ta Kudu, wadda aka hana shiga gasar 1980 saboda wariyar launin fata, ita ce ta mamaye hokin mata a nahiyar bayan dawowarta, domin tana da filayen da makarantun, yayin da Gana da Najeriya da Kenya suke biye da ita.

Bilkisu: Tunda ka ambaci Gana, Malam, matanta sun buga gasar Kwamanwel, wato ta ƙasashen renon Ingila, a 2018 da 2022, ina ganin ya kamata mu ware musu shiri guda.

Malama Hadiza: Mun amince, a kansu za mu tattauna a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mun gode da sauraro, mu kwana lafiya.