Shuɗɗa da Koraye: ashe siyasar kulob ta daɗe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Istanbul, a dandalin Sultanahmet. Wannan fili da kuke gani a bayana, mai dogayen ginshiƙan dutse a tsakiya, nan ake tseren keken doki a zamanin Rumawa. 'Yan kallo sun rabu gida-gida, manyan su ne Shuɗɗa da Koraye, kuma kowane gida yana da 'yan dabarsa da manyan da ke ɗaure masa gindi. Sarki Justiniyan kansa ɗan Shuɗɗa ne. A shekarar 532 gidajen biyu suka haɗe kai suka yi masa bore, suka banka wa gari wuta, har Aya Sofiya, babbar majami'ar garin a lokacin, ta ƙone. Sojoji suka ritsa su a cikin filin nan, aka kashe wajen mutum 30,000. Ginin Aya Sofiya na yanzu, ga shi can, bayan tarzomar aka gina shi, aka gama a 537.

To ku gaya mini, ina bambancinsu da mu? Launi ne, da tuta, da kirari, da abokin gaba.

A 1951 jami'o'in Princeton da Dartmouth na Amurka sun buga wani wasa mai zafi, har da karaya. Masana biyu, Hastorf da Cantril, suka nuna wa ɗaliban kowane ɓangare fim ɗin wasan, suka ce su ƙirga laifuka. Fim ɗaya ne fa! Amma 'yan Princeton sun ga laifukan Dartmouth ninkin abin da 'yan Dartmouth suka gani a nasu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ido ne ya riga ya shiga jam'iyya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Haka ɗan siyasa zai yi abu, in namu ne mu ce dabara, in nasu ne mu ce cin amana. Ya sauya sheƙa zuwa wajenmu, shi ke nan an yafe masa, kamar ɗan wasan da muka sha zagi ranar da ya sa rigarmu. Ƙabilanci ma haka yake aiki: a fara tambayar na wane ne, kafin a tambayi me ya yi.

Ni a ganina ma mai son ƙwallo ya fi mu gaskiya. Kulob ɗinsa ya sha kashi sau uku a jere, shi ne na farko da zai yi ihu a kori koci, kuma ba mai ce masa maci amana. Amma ɗan jam'iyya ya kuskura ya ce gwamnansa bai iya aiki ba, 'yan gidansu ne za su fara tambayarsa nawa aka biya shi.