An kashe jarumi, masu karatu sun ɗauki alƙalami

A shekarar 1893, marubucin Birtaniya Arthur Conan Doyle ya gaji da jarumin da ya ƙirƙira, wato Sherlock Holmes. Sai ya kai shi magangarar ruwa ta Reichenbach da ke Suwizalan, ya gama da shi, a ganinsa ya huta. Masu karatu suka ce ba su san zance ba. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta shigowa. Shekara goma bayan nan, a 1903, Doyle ya dawo da Holmes, ya ce ai dama bai mutu ba.

Yau mai karatu ba ya zaman jiran marubuci ya sauko. Da kansa yake rubutawa. Irin wannan rubutu shi ake kira fanfik: ka ari mutanen wani littafi ko fim da kake so, ka ci gaba da labarinsu yadda ranka ya raya maka, galibi ba don kuɗi ba. Tun 1967 masu son shirin talabijin na Star Trek suke buga irinsa a wata ƴar mujalla mai suna Spockanalia. Da intanet ta zo, aka buɗe shafin FanFiction.net a 1998, sannan Archive of Our Own, wanda aka fi sani da AO3, a 2009. Rumbun AO3 yana ɗauke da miliyoyin labarai, har ya ci lambar yabo ta Hugo, wadda ake bayarwa a fagen ƙagaggun labaran kimiyya, a 2019.

To, idan aka kashe jarumi, hanya biyu marubutan nan suka fi bi.

Ta farko ita ce labarin gyara. Harsashin ya kauce, likita ya iso a kan lokaci, mamaci ya tashi. Akwai daɗin karatu, kuma ba laifi ba ne. Duk wanda ya taɓa yin rashi ya san zaman "da na sani", da an yi kaza da ba a kai ga haka ba. Labarin gyara wannan tunanin ne aka zuba a takarda.

Hanya ta biyu ta fi wuya. Marubuci ya bar mamaci a kabarinsa, ya juya ga wanda aka bari. Fim kan ba makoki minti biyu, a sa kiɗa mai sanyi, a wuce fagen daga na gaba. Mai fanfik kuwa sai ya tsaya daidai nan. Wa zai kwashe kayan mamacin daga ɗaki? Lambarsa da ke cikin waya, a goge ko a bari? Jaruma ta ɗauko kofi biyu da safe, sai da ta ajiye sannan ta tuna. A ganina nan ne gwanintar take.

Amma me ya sa mutum zai ari jarumin wani, alhali yana da nasa mamacin? Saboda tazara. Rubuta "mahaifiyata ta rasu" na iya gagarar hannu. Amma idan wani matuƙin jirgin sama jannati ne ya rasa abokinsa, sai kalmomin su fito, kuma hawayen na marubucin ne. Ga wani sauƙi kuma: mai karatu ya riga ya san wanda ya mutu, yana ma son sa. Babu buƙatar a gamsar da shi cewa an yi rashi.

Akwai ramin da sababbin marubuta suke yawan faɗawa. Sun ji labarin matakai biyar na baƙin ciki: ƙin yarda, fushi, neman sassauci, ƙunci, sannan miƙa wuya. Sai su raba labari babi biyar, kowane babi mataki ɗaya, jarumi ya fito a warke. Likita Elisabeth Kübler-Ross ce ta zo da matakan a 1969, kuma daga hira da marasa lafiya masu fuskantar ajalinsu ta samo su, ba daga waɗanda aka yi wa rasuwa ba. Bayanin da ya fi kama da rayuwa shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut, masana daga Holan, a 1999. Sun ce mai jimami kai-komo yake yi. Yanzu yana kuka, an jima yana biyan kuɗin wuta, har ya yi dariya, dariyar kuma ta sa shi jin kunya. Saka wannan kai-komon a labari, ka ga yadda zai yi rai.

Kada kuma a ɗauka warkewa ita ce mantuwa. A 1996, masani Dennis Klass da abokan aikinsa suka nuna cewa mutane da dama suna ci gaba da riƙe alaƙa da mamacinsu, kuma ba ciwo ba ne. Jarumin da yake tambayar kansa "da yana nan me zai ce?" bayan shekara biyar, ba makalewa ya yi ba.

Shin rubutun magani ne? A yi hattara a nan. Gwajin da masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya yi a 1986 ya nuna ɗaliban da suka yi kwana huɗu suna rubuta abin da ke ci musu rai, minti 15 kullum, sun rage zuwa asibiti daga baya. Sai dai da aka gwada a kan waɗanda aka yi wa rasuwa, ba kowa ya amfana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa baƙin cikin da ya ƙi sauka cikin jerin lalurori, idan ya haura wata shida da tsananinsa yana hana mutum harkokinsa. Mai irin wannan, ƙwararre yake buƙata.

Saura tattaunawa. A AO3, kafin ka wallafa irin wannan labari, dole ka zaɓa: ko ka sa gargaɗin cewa babban jarumi zai mutu, ko ka bayyana ƙarara cewa ka zaɓi kada ka yi gargaɗi. Wasu na cewa hakan na ɓata daɗin labari. Ni dai ina bayan gargaɗin. Wanda ya binne ɗan'uwansa makon jiya yana da haƙƙin ya san abin da zai buɗe.

Kafin ka yi sharhi kuma, duba ƴar sanarwar da marubuci kan rubuta a saman labari ko ƙarshensa. Sau da yawa a nan yake faɗin wanda ya rasa. Idan ka ga haka, ajiye gyaran nahawu, sai in shi ya nema. Faɗa masa layin da ya tsaya maka a rai, ko da na kofi biyun nan ne.